Kurakuran da muke yi in an ce GDP ɗin Najeriya ya ƙaru

Duk lokacin da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wato NBS, ta fitar da rahoton cewa tattalin arziki ya bunƙasa sai kaga jama'a sun rabu biyu, wasu na murna wai an kama hanya, wasu kuma na cewa ƙarya ce zalla tunda su dai kwanon masara bai sauko ba. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu ba su gane abin da GDP ɗin yake aunawa ba.

GDP kuɗin dukkan kaya da ayyukan da aka samar a cikin ƙasa ne a shekara ɗaya, mai da siminti da shinkafa da kiran waya da aski, komai a haɗa a yi masa kuɗi. Shi kenan aikinsa. Bai san wa ya ci ba bai san wa ya kwana da yunwa ba. Shi kansa Simon Kuznets da ya tsara lissafin wa Amurka a 1934 ya ja kunnen majalisarsu cewa da wuya a gane walwalar jama'a daga wannan ma'aunin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar girman lamba a matsayin kuɗi a aljihu. Ku tuna 2014, aka sabunta shekarar da ake dogara da ita wajen lissafin daga 1990 zuwa 2010, aka shigar da harkokin da a da ba a ƙirga su yadda ya kamata kamar kamfanonin waya da finafinai, dare ɗaya GDP ya tashi zuwa kusan dala biliyan 510 muka wuce Afirka ta Kudu muka zama na ɗaya a Afirka. To amma mai kayan miya a kasuwar Yankaba da safiyar ranar cinikinsa bai ƙaru da ko kwabo ba, abin da ya canja tsarin ƙirga ne kawai. Lissafin ba ƙarya ba ne, gyara ne, kuma an sake yin irinsa a 2025. In ka ji lamba ta yi tsalle ka fara tambaya, samarwa ce ta ƙaru ko awon aka sabunta?

Sai mantawa da yawan jama'a. In gida yana samun tiya goma ta hatsi ya koma sha ɗaya amma bakunan da ke ci sun tashi daga goma zuwa sha biyu, ai ci baya aka samu. Mu nan yawanmu na ƙaruwa da sama da kashi 2 cikin ɗari duk shekara, don haka bunƙasar kashi 3 kusan duk ta tafi a ciyar da sababbin baki. Maganin wannan ka nemi GDP na kowane mutum, wanda aka raba da yawan jama'a.

Amma shi ma wannan ɗin kar ka saki jiki da shi, don rabawa ce a takarda. Equatorial Guinea ta daɗe tana cikin ƙasashen Afirka da suka fi kowa GDP na kowane mutum saboda mai, amma talauci na nan a jikin mutanenta don kuɗin a hannun tsirarun mutane yake. Mu ma a 2022 NBS da kanta ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa, ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasa, na cikinsa, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Wannan rahoton wallahi ya fi taɓa ni, don shi ya shiga gida ya duba ruwan sha da makarantar yara da asibiti da abin da ake girki da shi. Irinsa ya kamata mu riƙa ajiyewa kusa da GDP kafin mu buɗe baki.

Tsadar kaya kuma ita ce inda aka fi rikicewa. Bayan cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 da sakin Naira, wato barin kasuwa ta riƙa yanke darajarta, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura dubu a 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, amma a wannan shekarar an ce tattalin arziki ya ƙaru da sama da kashi 3. Duka biyun gaskiya ne. Bankuna da kamfanonin sadarwa na iya samun ciniki sosai su ja lambar sama alhali malamin firamare albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dubu 30 zuwa dubu 70, eh, amma ka lissafa buhun shinkafa nawa kowanne yake saya a lokacinsa, nan ne zaka ga gaskiyar halin da ake ciki.

Akwai kuma aikin da GDP bai gani kwata-kwata. Mahaifiyar da ta tashi da asuba ta ɗebo ruwa ta yi girki ta yi raino ta yi jinyar surukarta, a lissafin nan ba ta samar da komai ba, amma in 'yar aiki aka ɗauka ana biyanta sai ya shiga. Haka kuɗin dizal da gyaran janareta da muke kashewa saboda babu wuta, shi ma ƙara lambar yake yi duk da wahala ce muke saya.

Su kuma masu cewa a jefar da GDP ɗin gaba ɗaya, ban yarda da su ba. A 2016 da ya ragu bayan faɗuwar farashin mai mun gani da idonmu, jihohi da yawa suka kasa biyan albashi wata da watanni, 'yan kasuwa suka rasa masu saye. In ya faɗi talaka ne yake fara ji a jikinsa, in ya tashi kuma sai ka bi sawu ka ga wane fanni ne ya tashi, ko noma da masana'antu da suke ɗaukar mutane da yawa aiki suna ciki, ko kuwa mai ne da banki kawai.