Kurakuran sababbin 'yan wasa kan ganimar dodanni a wasannin dangin Rogue

Na gaji da jin magana ɗaya daga bakin waɗanda suka fara NetHack ko Angband ko Shattered Pixel Dungeon kwanan nan: "Na kashe dodanni goma, ko tsinke ban samu ba, wasan nan cuta yake yi." Babu cuta. Tun daga Rogue, wasan kwamfuta na 1980 da ake sauka ƙarƙashin ƙasa hawa-hawa ana yaƙar dodanni, har yawancin jikokinsa, abin da dodo zai bari idan ya mutu ƙuri'a ce, kuma ƙuri'a ba ta tuna jefar da ta wuce.

Kuskuren da ya fi cin rai shi ne zaton wasa yana riƙe da bashinka. A NetHack, idan ka kashe dodo da hannunka, yiwuwar ya bar wani kaya na sa'a ɗaya ce cikin 6. Sai mutum ya ɗauka a kowane kisa 6 dole ya samu ɗaya. Ina! Kowane kisa sabuwar jefa ce. Yiwuwar ka kashe 6 a jere ba ka samu komai ba ta kai kusan kashi 33 cikin 100. Ko da 12 ka kashe, saura kusan kashi 11 ka tashi hannu rabbana. Abin da kuwa yiwuwarsa ɗaya ce cikin 100, ko ka yi kisa 100, kusan kashi 37 ne ba za ka gan shi ba sam.

Wannan ya taɓa yi mini mummunar asara, har yau ina jin zafinta. A NetHack ina da jaruma da ta yi ƙarfi, sulke mai kyau, kwana uku ina lallaɓa ta. Na tsaya a hawa na biyar ina jiran dodanni su fito, don na daɗe ban samu komai ba, zuciyata tana ce mini saura kaɗan. Abin da ban lissafa ba: a hawa irin wannan, yiwuwar sabon dodo ya bayyana ɗaya ce cikin 70 a kowane taku. Haɗa da ɗaya cikin 6 ɗin nan, ka ga kusan taku 420 kenan kafin kaya guda, wanda ma zai iya zama tarkace. Yunwa kuma tana cin maki ɗaya a kowane taku, babban ƙunshin abinci kuwa 800 yake bayarwa. Wato fiye da rabin ƙunshi kan kaya ɗaya. Guzuri ya ƙare, ta fara sumewa, tururuwar nan masu cizo da sauri suka iso. Garin neman gira aka rasa ido. A waɗannan wasanni mutuwa ɗaya ce, babu komawa baya a gyara.

Don haka ku daina wannan zaman, jama'a! Kai da ka laɓe a gindin matakala kana jiran sa'a, me kake jira? Kaya suna ƙasa, a ɗakunan da ba ka shiga ba. Ni dai ƙa'idata yanzu: idan na gama zagaya hawa, sauka nake yi, ko na samu ko ban samu ba. Wasu gwanaye suna tsayawa su ƙara ƙarfi, ban hana su ba, amma su sun san lissafin abincinsu.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar dokar wani wasa a kai wani. A Dungeon Crawl Stone Soup, galibi abin da dodo yake riƙe da shi ko yake sanye da shi ne zai bari. Bera ba zai zubar maka da takobi ba, ko ka kashe dubu. Duba shi tun yana da rai, za ka ga abin da ke hannunsa. A Angband kuwa darajar ganima ta dogara da matakin dodon da zurfin wurin, shi ya sa kisan ƙananan dodanni a sama ɓata lokaci ne. Shattered Pixel Dungeon ya rufe ƙofar gaba ɗaya: idan matakinka ya zarce na dodon sosai, ya daina barin komai, wasu kayan kuma, irin maganin warkarwa, duk wanda ka samu yana rage yiwuwar na gaba. NetHack ma tun fitowar 3.6.0 a 2015, dodon da ya tsage daga jikin wani ba ya barin kayan sa'a, amma har yanzu ina ganin masu bin tsohuwar dabarar tsaga dodo a yi ta kashewa don ganima.

Sauran ƙanana ne. Idan karenka ko kyanwarka ce ta yi kisan a NetHack, babu jefar ɗaya cikin 6, sai dai abin da dodon yake ɗauke da shi. Gawa ma lissafinta daban, manyan dodanni sun fi ƙanana barin ta. Kada kuma ka yanke hukunci da kisa biyar, wai wannan dodon "yana bayarwa". Kuma don Allah kada ka saka zobe ko laya da ta faɗo nan take, tana iya zama la'ananniya ta manne maka. Ni nakan ajiye ta a ƙasa tukuna, in ga ko karena zai taka ta ba tare da ja da baya ba.