Yadda za ka zauna Zanzibar kamar baƙon gida

Ƴan uwa na Tawa da Yamai masu niyyar tahiya Zanzibar, ko don kasuwanci ne ka biyo ta Dar es Salaam ko don buɗe ido kawai, ku zo kusa. Mu mutanen tudu ne, ƙasarmu ba ta da teku ko taki ɗaya, to in ka sauka wurin da ruwa ya kewaye ta ko'ina dole sai ka sake koyon wasu abubuwa, kuma mafi yawansu maganar lokaci ce. In ka gane lokacin mutanen tsibirin, ka ga rayuwarsu, in ba ka gane ba sai dai ka ɗauki hoto bakin ruwa ka komo.

Takardu tukuna, a gurguje. Zanzibar cikin Tanzaniya take tun haɗewar da aka yi a 1964, don haka wizar Tanzaniya za ka nema, kuma ka neme ta ta intanet tun kana gida da sauran lokaci, kada ka ɗauki paspor ɗin Nijar ka ce sai ka sauka ka nema. Karnen rigakafin shawara, wanga mai launin ɗorawa, shi kasance cikin aljihunka ba cikin walis ba. Tun Oktoban 2024 kuma sun sa wa baƙi asirans ta dole, ita ma ta intanet ake biya. Jirgin Ethiopian na ɗauka daga Yamai ta Addis Ababa har filin jirgin Abeid Amani Karume, in kuwa kana Dar es Salaam ne, jirgin ruwa mai gudu wajen awa 2 zai kai ka, ka ci abu kaɗan kahin ka shiga don wanda bai saba ba cikinshi na juyawa. Sefa ba ta da amfani can, ka canza dala ko yuro tun nan, sababbin takardu, can ka maida su shilin. Priz ɗinsu mai ƙafa uku ce irin ta Ingila, sharjarmu mai ƙafa biyu ba ta zama daidai, ka sayi adaptater. Ledar zuba kaya kuma an hana ta a ƙasar, ka bar ta gida.

To yanzu agogo. Suna gabanmu da awa 2, wannan mai sauƙi ne, waya na gyara kanta. Wanda waya ba ta gyarawa shi ne lissafin da mutane ke yi da baki. Su a Swahilanci ranar na farawa da hitowar rana, ƙarfe 7 na safe ita ce "saa moja" wato awa ta ɗaya, tsakar rana kuwa awa ta shida. Kenan in mai kwale-kwale ko direba ya ce maka ku haɗu "saa mbili", ba ƙarfe 2 yake nufi ba, ƙarfe 8 ne. Dabarar ita ce ka ƙara 6 bisa abin da ya faɗa, ko kuma ka miƙa mishi wayarka ya nuna da yatsa. Ni wanga lissafi ya burge ni wallahi, don kusa da tsakiyar duniya suke, rana na hitowa tana faɗuwa kusan lokaci ɗaya duk shekara, to mi zai hana su ƙirga daga nan.

Sai babban agogon, wato teku. Nan ne ɗan Ader ke shan mamaki. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, za ka tashi da safe ka ga ruwa har gindin itatuwan kwakwa, ka je ka karya kumallo ka komo ka iske ya janye ya yi nisa sai farin rairayi da tsakuwa da ƙananan kududdufai, kwale-kwale na zaune bisa ƙasa a karkace. Sau 2 yake cika sau 2 yake janyewa a yini da dare, kuma kullum yana jinkiri da kusan minti 50 bisa na jiya. Farkon wata da tsakiyarshi, daren 14 da 15, nan cikar ta fi ƙarfi janyewar ma ta fi nisa, to mu da muka saba lissafin watan Musulunci ba mu da wahala nan. Kowane otel ko masunci ya san jadawalin ranar, ka tambaya tun da dare.

Abin da ya sa nike nanata wanga shi ne aikin mutane duk bisa shi yake tahiya. Da ruwa ya janye sai ka ga mata sun shiga da zannuwansu har ƙugu suna duba gonakinsu na ciyawar teku, turaku ne aka kakkafa aka ɗaura igiya, ciyawar na girma bisa igiyar, su tsinke su shanya a sayar a kai waje, wasu kuma su yi sabulu da ita. Wasu na bin ramukan duwatsu da tsinke suna farautar pweza, dabbar ruwan nan mai hannu takwas. Da ruwa ya fara komowa kowa ya tattara ya hito, masunta kuma su tura jiragensu. In kana son ka gani, ka sa takalmin roba mai tauri don akwai wata halitta baƙa mai ƙaya da ke kwance cikin duwatsu, in ka taka ta ranar ta lalace. Ka gaida matan, ka nemi izini kahin hoto, kada ka taka musu igiya, gona ce. Kuma kada ka yi nisa kai kaɗai, ruwan in zai komo ba ya sallama, iya iyonka na tabkin Tabalak ba zai cece ka ba. Mai son wanka kowane lokaci ya nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, can janyewar ba ta da yawa, kuma a Nungwi za ka ga masassaƙa na ƙera jiragen katako da hannu bakin ruwa.

Masauki kuwa, ra'ayina ka fara da tsohon gari, Stone Town, su suna ce mishi Mji Mkongwe, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000. Ka kama ɗaki a ƙaramin gidan baƙi mai bantilater da gidan sauro. Lungunanshi ƙunci gare su mota ba ta shiga, sai babur da keke, kuma za ka ɓace, kowa na ɓacewa, kada ka damu garin ƙarami ne ka yi ta tahiya za ka hito ko bakin teku ko kasuwar Darajani. Jikin gidaje akwai dakalin dutse da suke kira baraza, nan maza ke zama da la'asar ana shan baƙin kafe cikin ƙananan kofuna da kashata, alewar gyaɗa ko ta kwakwa, ana gardamar ƙwallo da siyasa. Ka yi sallama ka zauna, amma siyasar ka bar musu kayansu, tarihin juyin juya halin Janairun 1964 har yau yana da zafi ga wasu gidaje. Dattijo ka ce mishi shikamoo zai amsa marahaba, ƙofar gida kuma ka ce hodi ka jira a ce karibu. Faransanci ba zai kai ka ko'ina ba, sai Ingilishi kaɗan, Larabcin makarantar allo ma na taimako wajen malamai.

Salla ba matsala ko kaɗan, kusan duk mutanen Musulmi ne, masallatai ko'ina. Sai dai mafi yawansu Shafi'iyya ne, za ka ji liman na bayyana bisimilla, da asuba kuma a ɗaga hannu ana alƙunutu a bayyane bayan ruku'u, ka bi liman kawai ba sai ka juya kana kallon na kusa ba. Jallabiyarka da hularka sun isa, su ma farar riga doguwa da hula mai zane suke sawa, ƴan uwa mata kuma hijabinku daidai yake da na matan gari. Wanga shiga na da wata riba, masu bin Turawa da tallar yawon ruwa ba su cika damunka ba.

Zahi akwai, amma ba irin namu busasshe ba, laima ce, zufa ba ta bushewa, wanki ma sai ya yini bai bushe ba, don haka shadda mai sitati ka bar ta cikin walis ka sa yadi marar nauyi. Babban damina daga Maris zuwa Mayu, ƙarami wajen Nuwamba, in son samu ne ka je tsakanin Yuni da Oktoba.

Zirga-zirga ka hau dala-dala, su ne faba-fabarsu, wasu ƙananan bas wasu kuma mota mai buɗaɗɗen baya da benci, ana ɗora buhun gawayi da kwandon kihi bisa, tashar na wajen Darajani, ka tambayi fasinja kuɗin kahin ka miƙa wa yaron mota. Hannun hagu suke tuƙi, wajen ƙetare gudron ka fara duba dama.

Abinci, ka manta da fura da tuwon hatsi, shinkafa ce da kihi da madarar kwakwa, har rogo da ayaba da ita suke dahuwa. Da safe shayi mai kayan ƙamshi da mandazi ko chapati, da rana pilau ko biriyani a gidan abincin da ka ga ma'aikata na shiga, ka je da wuri don bayan azahar tukunya ta ƙare. Urojo ma ka gwada, romo ne mai tsami da dankali da ƙosai irin nasu. Lambun Forodhani, inda ake saida abinci bakin teku a tsohon gari, da dare kowa na zuwa, wurin na da daɗin zama amma farashin na baƙi ne kuma kihin wani lokaci ya daɗe bisa tebur, ni na fi son in sha ruwan rake can in ci abinci cikin gari. Ka riƙo yajinka daga gida.

Tsaraba kuma kanumfari, da kirfa da masoro, a Darajani za ka saya ba shagunan turist ba, ka sansana ka murza da yatsa, mai kyau yana barin ɗan mai. Mafi yawan kanumfarin daga Pemba yake zuwa, ɗayan tsibirin da ke arewa. Uwargida ka sayo mata kanga, zane ne da ake saidawa bibbiyu kuma kowane da rubutu a bakinshi, ka sa mai shago ya fassara maka tukuna, don wasu addu'a ne wasu kuwa habaici ne ga kishiya.