Yadda Ake Zuwa Kallon Tsuntsaye a Dausayin Baturiya

Da farko ka zaɓi lokaci. Disamba zuwa Fabrairu ya fi, sa'ad da tsuntsayen Turai suka gudo wa sanyi suka sauka a Baturiya, ƙaramar hukumar Kirikasamma, jihar Jigawa.

Ka kwana Haɗeja, ka yi sammako bayan sallar asuba.

Da isarka ka fara gaida mai gari, sannan ka nemi ɗan jagora cikin masunta. Su suka san inda kwalekwale zai ratsa kacala, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa.

Ka sa tufafi masu launin ƙasa. Farar riga kam, tun daga nesa kirinjijiya da dinya za su watse, ka sha rana a banza.

Ka kashe ƙarar waya, ka yi shiru. Ledar ruwanka kuma, cusa ta aljihu ka koma da ita gida.