Yadda Mai Digiri Zai Koma Karatun Likita a Sakkwato

Wanda ya gama digiri a Bayokemistiri, Maikurobayoloji ko Fiziyoloji, amma har yanzu zuciyarsa na wajen likitanci, yana da hanya. Sai dai ya san tun farko cewa digirin nan shekara ɗaya kawai zai rage masa. Karatun MBBS, wato digirin likitanci, shekara shida ne. Mai shiga ta DE (Direct Entry), wato hanyar shiga jami'a kai tsaye ga mai digiri ko makamancinsa, yana farawa daga aji biyu, saura biyar cur, idan yajin aiki bai ƙara ba.

Kafin komai, ɗauko takardar WAEC ko NECO ɗinka ka duba. Ana neman kiredit a Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji, kuma makarantun likitanci da yawa sun fi son a zama ɗaya aka same su. Fizis ce ke kayar da mutane. Mutum na da digiri mai kyau, amma D7 na shekarun baya ya tsaya masa a ƙofa. Idan haka ne, sake zama jarrabawar tukuna. Babu kunya a ciki.

Sannan matakin digirin. Yawancin jami'o'i 2:1 (Second Class Upper) suke nema a fannin da ya danganci lafiya. Duba kundin JAMB na shekarar, kuma ka taka da ƙafarka zuwa Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ka tambayi sharuɗɗan bana. Kada ka dogara da "an ce" na majalisa.

Rajistar DE a cibiyar da JAMB ta amince da ita ake yi, da lambar NIN. Nemi tiranskirif daga tsohuwar jami'arka da wuri, domin yakan ɗauki lokaci, kuma sai an tantance digirin. Daga nan ka riƙa leƙa CAPS, shafin JAMB da ke nuna ko an ba ka gurbi.

Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce gurbin DE kaɗan ne. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci a Najeriya, ita ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, kuma waɗanda suka haye daga aji ɗaya sun riga sun cika mafi yawan kujerun. Shi ya sa wasu masu digiri ke haƙura su rubuta UTME, jarrabawar JAMB ta shiga aji ɗaya, su fara daga tushe. A ganina, wanda digirinsa bai kai 2:1 ba gara ya bi wannan hanya da ya ɓata shekaru yana jiran sa'a.

Idan Allah ya sa ka samu, abin da ya fi muhimmanci shi ne kuɗi da lokaci. Wannan ba karatun da ake haɗawa da aikin ofis ba ne. Aji biyu da uku Anatomi ne da Fiziyoloji da Bayokemistiri, safe da yamma, har da ɗakin gawa, sannan babbar jarrabawar da ke tace ɗalibai kafin su shiga asibitin koyarwa na jami'ar, wato UDUTH. A can kuma zagayen ɗakunan marasa lafiya ne da kwana a bakin aiki. Mai iyali ya zauna da matarsa, matar aure da maigidanta, a yi lissafin cefane da haya na shekara biyar tun kafin a biya kuɗin rajista. A tambayi hukumar tallafin karatu ta jiha ko tana ɗaukar wanda ya riga ya yi digiri ɗaya.

Za ka zauna aji ɗaya da sa'o'in ƙannenka, wasu ma su fi ka haddar jijiyoyi. Shiga rukuninsu na bita, domin nan ake cin jarrabawa.

Bayan kammalawa, MDCN za ta ba ka rajistar wucin gadi, ka yi shekara ɗaya ta horo a asibiti, sannan cikakken lasisi. Wanda ya riga ya yi bautar ƙasa ba zai maimaita ba. Mai tunanin fita waje kuma, ya tabbatar MDCN ta amince da makarantar, ya kuma san akwai jarrabawar hukumar da ke jiransa idan ya dawo.