Kafin ka taka kwale-kwale a Madarunfa ko bakin Gulbi

Ni tela ne a Maradi, ba masunci ba. Abin da na sani game da ruwa a wajen kawuna na koye shi, wanda ya tsufa yana su a tafkin Madarunfa, sauran kuma na koye shi ranar da na raina maganarsa. Bayan wata ƙaramar salla ne mu huɗu muka tafi yawon buɗe ido, muka ari jirgi, muka shiga da filafili ɗaya da salula huɗu. Muna tsakiyar tafki iska ta taso daga gabas da jan ƙura. Filafilin ya suɓuce daga hannun abokina, ruwa ya fara shigowa, da hula muka riƙa kwalfewa. Wani mai ɗaga taru ne ya janyo mu. Kawu bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi: "Ɗan nan, wa ka tambaya kafin ka shiga?"

To, nan za ka fara. Kada ka ce kana da taswira a waya. Hoton da ke ciki wataƙila da rani aka ɗauke shi, alhali tafkin yana faɗaɗa da damina, yana janyewa da bazara, inda ka ga tudu bara bana ruwa ne da kututture a ƙarƙashi. Taswirar gaskiya tana kan masunta. Ka yi sallama, ka gaida babba, ka tambayi ina aka shimfiɗa taru da ƙugiyoyi, ina zurfi, ina laka take riƙe ƙafa. Ka faɗa musu inda ka nufa da lokacin dawowarka, ka faɗa wa wani a gida ma. In ba ka taɓa tuƙi ba, ka biya mai jirgi ya tuƙa ka. Jika ɗaya ko biyu ba za ta talauta ka ba.

Gulbi shi ne ya fi yaudara. Mu da muka saba ganinsa yashi tsantsa da rani, yara na ƙwallo a ciki, mun raina shi. Amma ruwansa ba namu ba ne, daga ƙasar Katsina yake gangarowa, ya biyo ta Jibiya inda aka yi masa madatsa, ya wuce Madarunfa da Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya haɗe da gulbin Rima. Ana iya tafka ruwa can kudu, mu nan sama tas, kafin ka ankara ya cika ya kawo. Shi ne fa ya ci tsohon garin Maradi a 1945, har aka tashi daga fadama aka hau tudu. In ka ga ruwan ya yi ja ya yi kauri, yana ɗauke da kara da rassa, ƙaruwa yake yi. Gonar da ke ƙetare ta jira gobe.

Sai jirgin kansa. Ka duba cikinsa kafin kowa ya shiga: in ruwa na tsattsafowa tsakanin katako tun yana baki, a tsakiya abin zai ƙaru. Bayan an gama lodi ka auna da hannu, daga fuskar ruwa zuwa bakin jirgi kada ya gaza ɗani guda. In ya gaza, a sauke buhu ko mutum, ko da mai jirgi ya ce kullum haka yake yi. Kaya masu nauyi a ƙasa a tsakiya, kowa ya zauna, ba mai miƙewa don ɗaukar hoto.

Abin da ba na shiga sai da shi: filafili biyu, doguwar gora ta tokara, igiya mai kamar mita 10, yankakken bido na kwalfewa ɗaure a jikin jirgi, tocila, usur, da salula cikin leda biyu a ɗaure a wuya. Rigar ceto, jile ɗin nan mai ruwan goro, ita ce kan gaba, kuma a jiki take aiki, a ɗaure tam. Na ga mai zama a kanta kamar matashi. Ta yaro ta zama daidai shi, ta babba zamewa take ta kai. In babu jile, bido na lita 20 da ba kowa ciki, an toshe bakinsa da kyau, yana ɗaukar nauyin kilo kusan 20 cikin ruwa, ya isa ya riƙe kan babba a sama muddin yana rungume da shi. Bai kai jile ba, don in ka suma sakinsa za ka yi. Kakanninmu da goran duma suke wannan.

A matsayina na tela kuma: babbar riga da dogon hijabi da zane mai kauri, in suka sha ruwa suna naɗe ƙafa. A naɗe su a sa a leda, a shiga da sutura mara nauyi.

Lokaci: da damina a fita da safe, a dawo kafin la'asar, kana ganin gabas ta yi baƙi ka nufi bakin da ya fi kusa, ba wanda ka fito ba. Da hunturu hazo na ɓoye gaɓa, ruwan kuma da sanyin da ke kashe hannu.

In jirgi ya kife a tafki, kada ka rabu da shi. Katako ba ya saurin nutsewa, kuma daga nesa an fi hangen jirgi da kan mutum. A Gulbi kuwa ka kwanta rigingine, ƙafafu gaba wajen da ruwa ya nufa, ka riƙa karkata zuwa baki a hankali, kada ka yi kokawa da igiyar ruwa. In wani ne ya faɗa, miƙa masa gora ko ka jefa bido da igiya. Wanda ke nutsewa ba ya sanin ɗan'uwa, wuyanka zai shaƙe ku tafi tare.

An fito da shi ba ya numfashi? A bar al'adar nan ta juya mutum kai ƙasa ko danna ciki wai ruwa ya fito. A kwantar da shi, a ɗaga haɓa, a hura masa iska a baki, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a yi ta yi, wani kuma ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau, a kai shi likita ranar, saboda ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da ciwo bayan awoyi. Wanda kuma ya yi wanka a tafkin ya ga jini a ƙarshen fitsari bayan wasu makonni, tsargiya ce, akwai maganinta a likita.