Yadda Za Ka Yi da Wayarka a Jirgin Sama, Daga Filin Malam Aminu Kano Har Zuwa Sauka

Wanda ya daɗe bai hau jirgi ba zai iya zuwa da tsohon sani. A da, idan an ce a kashe waya, mutum ya taɓa alamar jirgin nan da ke fuskar wayarsa, sabis ya ɗauke, shi ke nan an wuce wurin. Tun watan Agustan 2025 abin ya sauya a jiragen Najeriya. Bayan wata hatsaniya da ta tashi kan kashe waya a jirgin da ya taso daga Uyo zuwa Legas, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta ba da umarnin a riƙa kashe waya ɗungurungum lokacin tashi da lokacin sauka. Sa ta a yanayin jirgi, wato taɓa waccan alamar jirgin, bai wadatar ba a waɗannan lokuta biyu. Kamfanonin waje da ke zuwa Kano, irin su Ethiopian Airlines da Qatar Airways, kowanne na da tsarinsa, wasu sukan bar ka da yanayin jirgin tun daga ƙofa. Abin da ma'aikacin jirgin da kake ciki ya faɗa, shi ne doka a kanka, ko da jiya wani jirgin ya yi maka sassauci.

Shiri tun daga gida

Ka cika cajin wayar kafin ka fita, domin ba kowane jirgi ne ke da wurin sa caji a kujera ba, musamman na cikin gida. Ka ɗauki hoton tikitinka da takardar shiga jirgi ka ajiye a ma'ajiyar hotuna, kada ka dogara da buɗe imel a bakin ƙofa inda sabis ke iya yi maka gardama. Karatun Alƙur'ani, wa'azi, littafi ko duk abin da kake son saurare a hanya, ka sauke shi cikin wayar tun a gida. Kano zuwa Abuja bai fi awa guda ba, amma Kano zuwa Jidda ya haura awa huɗu, zaman yana da tsawo.

Sai abu biyu da mutane ke mantawa. Na farko lambar sirri. Wayar da aka kashe aka sake kunnawa ba ta karɓar zanen yatsa ko fuska a karon farko, sai an sa mata lambobi. Dattawa da yawa 'ya'yansu ne suka saita musu waya, yatsa kawai suke ɗorawa, ba su san lambar ba. Idan aka kashe wayar a Kano, sai a sauka Madina da waya a kulle. In za ka raka Baba ko Hajiya filin jirgi, ka rubuta musu lambar a takarda su sa cikin jakar fasfo. Haka layin da aka sa wa lambar tsaro: kuskure uku, ya rufe, sai an nemo PUK, wato lambar buɗe layin da ya rufe.

Na biyu ƙararrawa. Wasu wayoyin, musamman ƙananan masu madannai da wasu Tecno da Infinix, suna iya kunna kansu idan lokacin ƙararrawa ya yi, ko kuma idan an saita musu lokacin kunnuwa da mutuwa. Wanda ya saita ta tashe shi sallar Asuba zai iya jin ta ta kama ƙara a aljihu ana tsakiyar sauka. Ka shiga saiti ka cire kafin tafiya.

Batir da fawa-banki

Nan ne ya kamata a fi tsayawa, domin haɗarin da ke cikin batir ya fi na sabis kusa. Batirin litiyam idan ya huje, ya lanƙwashe ko ya yi zafi fiye da kima, yakan kama da wuta daga cikinsa, kuma wuta ce mai sake tashi bayan an kashe ta. Shi ya sa ba a yarda fawa-banki ko batirin da ba ya cikin na'ura ya shiga jakar awo ba. Wurinsa jakar hannu, inda idan ya fara hayaƙi ido zai gani. A ƙarƙashin jirgi babu mai kai masa hannu.

Girman da aka yarda da shi da Wh ake auna shi, mu kuma a kasuwannin waya na Farm Centre da Beirut a Kano da mAh ake sayar mana. Lissafin ba wuya: ka ninka mAh ɗin da 3.7, ka raba da 1,000. Mai 10,000 ya zama 37Wh. Mai 20,000 ya zama 74Wh. Iyakar da ke wucewa ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh, wato wajen 27,000mAh. Daga 100 zuwa 160Wh sai da amincewar kamfanin jirgin, kuma ba a wuce guda biyu. Mai 30,000 ya faɗa wannan rukunin, tunda 111Wh ne. Manyan nan masu 50,000 da ake saye saboda matsalar wuta sun kai 185Wh, ba sa hawa jirgin fasinja ko ta wace jaka. Ka bar shi a gida, in ba haka ba ka bar wa jami'an bincike.

Ka duba jikinsa ka tabbatar rubutun girman bai goge ba. Jami'i ba zai yi maka kintace ba, wanda ba a iya karanta girmansa ana iya riƙe shi. Wanda ya kumbura, ko wayar da bayanta ya ɗago saboda batir ya yi ciki, kada ma ka fito da su. Kuma kada ka jefa fawa-banki cikin jaka tare da makullai da tsabar ƙarfe, ka sa shi a 'yar jakarsa shi kaɗai.

Dokar amfani da shi a cikin jirgi ma ta ƙara tsauri. Bayan gobarar da ta cinye wani jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a watan Janairun 2025, kamfanoni da dama sun hana caji da shi a sama. Emirates, daga 1 ga Oktoban 2025, guda ɗaya tak ta yarda fasinja ya ɗauka, ƙasa da 100Wh, kuma ba a jona shi da komai har a sauka. Mai zuwa Dubai sarin kaya ya lura da wannan. Ko a jirgin da bai hana ba, ka ajiye shi a aljihun kujera ko cikin jakar da ke ƙarƙashin kujerar gabanka, kada ya tafi ma'ajiyar sama inda babu mai ganinsa.

Daga ɗakin jira zuwa kujera

A ɗakin jira ka yi duk kiran da za ka yi. Nan ne wurin sallama da iyali da sanar da mai tarbarka lokacin isowa. Idan aka fito da ku kuna takawa ko aka ɗauke ku a bas zuwa gindin jirgi, mayar da wayar aljihu. Wurin akwai motocin mai, da motocin kaya, da injin da ke iya kasancewa a kunne, ba wurin tafiya kai a sunkuye ba ne. Ɗaukar hoto ma a yi hattara, filin jirgin Kano yana da ɓangaren sojojin sama, kuma ba a son kyamara ta fuskanci can.

Bayan ka zauna kana da 'yan mintuna kafin a rufe ƙofa. Da an rufe, za a yi sanarwa. Ga yadda ya fi dacewa ka yi: ka fara sa wayar a yanayin jirgi, sannan ka kashe ta. Amfanin haka shi ne idan ka kunna ta a sama, za ta tashi ba tare da ta fara laluben sabis ba.

Kashewar ma wasu ba su iya ba, don ba su taɓa yi ba tun da suka sayi wayar. Danna maɓallin gefe sau ɗaya fuskar kawai yake rufewa, wayar tana nan a kunne. A Tecno, Infinix da itel, ka danne maɓallin ka riƙe har zaɓin kashewa ya fito. A sababbin Samsung, ka haɗa maɓallin gefe da na rage murya ka riƙe. A iPhone marar maɓallin tsakiya, maɓallin gefe da ɗaya daga cikin na murya, sannan ka ja alamar da ta fito. Ƙaramar waya kuwa jan maɓalli ne. In ta gagara, ka ɗaga hannu ma'aikaciya ta zo ta taimaka, ba abin kunya ba ne.

Kuma duka za ka kashe. Ɗan kasuwar Kwari mai waya uku, da ta kira, da ta WhatsApp, da ƙaramar da ke cikin jaka, duk ukun ake nufi. Haka 'yar na'urar intanet ta aljihu, da agogon hannu mai layi, da wayar da aka ba yaro yana wasa.

Me wayar ke yi wa jirgi?

Kowa ya san ƙarar nan ta "dit-dit-dit" da rediyo ko lasifikar masallaci ke yi idan kira zai shigo wayar da ke kusa. Wayar ce ke harba saƙo a gutsure, sau 217 a daƙiƙa ɗaya a tsohon tsarin GSM, wayoyin lasifikar kuma suna tsinta. Irin wannan ƙarar tana iya shiga abin sauraron da ke kunnen matuƙi daidai lokacin da hasumiyar filin jirgi ke gaya masa tsayin da zai tsaya ko titin da zai sauka. Sannan waya tana ƙara ƙarfi ne gwargwadon nisanta da ƙarfen sabis. A ƙasa raɗa take yi, idan jirgi ya ɗaga sai ta koma ihu da iya ƙarfinta. Waya ɗaya ba komai ba ce, amma jirgin alhazai mutum ɗaruruwa yake ɗauka.

Gaskiyar magana, jiragen zamani an yi musu kariya mai kyau, kuma ba wanda ya san aikin da zai ce maka kira ɗaya zai kayar da jirgi. Dokar ta rage haɗari ce a lokacin da babu sararin kuskure. Ka ɗauki sauka a Kano cikin hunturu, hazo ya rufe gari, matuƙi ba ya ganin titi sai ya matso ƙasa sosai. A wannan lokacin siginar rediyo da ke tasowa daga filin jirgin ce ke jagorantarsa. Ba lokacin gwaji ba ne. Asalin haramcin ma ba daga masu jirgi kaɗai ya fito ba. A Amurka hukumar sadarwa ta FCC ce ta hana kira daga sama a 1991, don waya a sama tana taɓa ƙarafan sabis da yawa a lokaci guda ta rikita tsarin ƙasa. A 2013 hukumar jiragensu, FAA, ta yarda a riƙa amfani da na'urori a yanayin jirgi tun daga tashi har sauka. Turai ma ta sassauta, har ta buɗe hanyar 5G a jiragen da aka sa wa na'urar da ta dace.

Akwai kuma dalilin da bai shafi sigina ba. Tashi da sauka su ne lokutan da aka fi samun matsala, kuma ana gwada jirage ne a kan a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90. Mai abin sauraro a kunne ba zai ji umarni ba, waya a hannu kuma idan aka taka birki da ƙarfi jifa take zama.

Idan jirgi ya daidaita a sama

Yawanci bayan an wuce ƙafa 10,000 za ka ji ƙararrawa, daga baya a yi sanarwar an yarda a kunna na'urori. Ka jira sanarwar, kada ka bi agogonka. Ka kunna, ka tabbatar alamar jirgin tana saman fuskar wayar. Daga nan karatu, kallo, rubutu, duk babu laifi, amma da abin sauraro, kada ka saki murya maƙwabci ya sha da kai. Bluetooth da Wi-Fi ana iya kunna su daban ba tare da an cire yanayin jirgi ba, idan kamfanin ya yarda. Jirgin da ke da intanet ma yawanci saƙo da buɗe shafuka ya yarda da su, ban da kiran murya. Masu zuwa Umara ta Jidda su sassauta abin kunnen idan an kusa, don ta lasifikar jirgi ake sanar da isowa miƙati.

Idan wayar ta zame ta faɗa cikin ƙarafan kujera, kada ka kwantar da kujerar ko ka ɗago ta, kada kuma ka zura hannu kana ja. Ƙarfen na iya matse batirin ya huda shi. Ka kira ma'aikaci, sun san yadda ake ciro ta. Haka idan ka ji waya ko fawa-banki ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ko yana wari, ko hayaƙi: ka cire caji, ka ajiye shi, ka yi magana nan take. Kada ka rufe shi da bargo ko ka tura shi cikin jaka don gudun kunya. Ma'aikatan suna da horo a kai, sukan kashe harshen wutar sannan su yi ta zuba ruwa har batirin ya huce. Irin wannan matsalar ce ta sa aka haramta hawa jirgi da Samsung Galaxy Note 7 a 2016.

Sauka

Da an sanar an fara gangarowa, ka sake kashewa kamar farko. Kuskuren da aka fi yi shi ne kunna waya da zarar taya ta taɓa ƙasa, sai ka ji "Alhamdulillahi mun sauka" ta ko'ina alhali jirgi na gudu a kan titi. Ka bari sai an ce an yarda, ko jirgi ya tsaya cak an kashe fitilar ɗamara.

Wanda ya ƙi bin umarni, matuƙi na da ikon mayar da jirgi a sauke shi, ko ya sa jami'an tsaro su jira shi a ƙofa. Dokar sufurin jiragen sama ta 2022 ta ɗauki tsoma wa ma'aikatan jirgi baki a aikinsu a matsayin laifin da ke jawo tara ko ɗauri, kamfani kuma na iya daina sayar wa mutum tikiti. In kana ganin an yi maka ba daidai ba, ka kashe wayar tukuna, ka riƙe lambar jirgin da ta kujerarka, bayan an sauka ka kai ƙorafi teburin NCAA da ke filin jirgin.

Idan ƙasar waje ka sauka, kafin ka cire yanayin jirgi ka shiga saiti ka rufe datar yawo, wato data roaming, in ba haka ba layinka na gida zai kama kamfanin can ya fara cin kuɗi saboda saƙonnin da suka taru. A Saudiyya ka yi amfani da Wi-Fi na filin jirgi ka sanar da gida, sannan ka nemi layin STC, Mobily ko Zain da fasfonka a hannu.