Ku bar mota ta huce kafin ku tsallaka rafi

Idan kun iso bakin rafi da mota mai jan ƙafa huɗu, ku dakata na minti 10 zuwa 15 kafin ku shiga ruwa.

Tafiyar daji tana sa giyabos (akwatin giyar mota) da aksul (ƙarfen da ke haɗa ƙafafun mota yana juya su) su ɗauki zafi, kuma da zarar ruwan sanyi ya taɓa su, iskar da ke ciki takan tsuke ta zuƙo ruwa ta kafar shaƙar iska. Daga nan man giya ya koma fari-fari kamar madara, haƙoran giya su fara cinyewa, gyaran kuwa yana da tsada ƙwarai.

Kuna jira, ku auna zurfin ruwan da sanda.

Amma idan ruwan yana gudu da ƙarfi, ko zai kai inda injin yake shaƙar iska, jira ba zai amfane ku ba, ku juya kawai.